Kawu da Ruwan Talata

Daga Allah muke, kuma gare shi ne makomar kowa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu ranar Asabar da asuba bayan jinyar kwana biyu, saura 'yan watanni ya yi ritaya daga koyarwa. Makaranta ɗaya muke aiki da shi a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, shi yana riƙe da aji shida, ni aji biyar, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma gara in faɗi gaskiya tun farko. Da aka sa shi a kabari, liman ya ce jama'a a yafe masa, kowa ya amsa da "mun yafe". Ni ban amsa ba. Na sunkuyar da kai kamar mai addu'a, bakina kuwa a rufe yake.

Shekara huɗu ke nan ina zargin Kawu da hana ni ƙarin girma, kuma mutuwa ba ta wanke zargin daga raina ba.

Aka kafa rumfa a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa tabarmi, na zauna cikin masu karɓar gaisuwa. Ana cewa "ya haƙuri?" ina cewa "da godiya", amma idona yana kan fuskokin mutane. Halina ke nan, kuma ban ce halin kirki ba ne. Hedimastanmu ya zo yana sharar hawaye da bakin rigarsa, mutumin da shekara da shekaru duk aikin da zai jawo baƙin jini Kawu yake tura wa. Na ce a raina, ko mamacin yake wa kuka, ko kuwa aikin da zai dawo kansa, Allah ne masani. Malaman makarantarmu suka jeru suna cewa ba a yi mai gaskiya irinsa ba, su ne kuma suka sa masa suna Jan Biro a bayan idonsa. Ni ma ina cikin masu kiransa da sunan.

Da rana ta ɗaga, addu'a ta ɗan lafa, sai ƙananan maganganu suka fara fitowa daga gefen tabarma. Wani ya ce abin mamaki ne mutum ya haura shekara talatin yana koyarwa bai taɓa zama hedimasta ba, lallai akwai wani abu a fayil ɗinsa. Wani ya ce ba haka ba ne, ofishin ilimi ne suka bar shi a aji da gangan don ya riƙa kai musu rahoto. Na kasa kunne sosai, don wannan ta yi daidai da abin da ke raina. Wani tsoho kuma, maƙwabcinmu a gona, ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne. Noma ne dai bai karɓe shi ba." Mutane suka danne dariya, don kowa ya san gonar Kawu.

Waɗanda na kasa samu da laifi su ne tsofaffin ɗalibansa. Direban babbar mota, wani mai aiki a injin shinkafa a Kura, wata ma'aikaciyar asibiti da ta shiga wajen mata, aka jiyo kukanta har waje. Na nemi abin da suka zo nema ban samu ba. Sun gaisa, sun yi addu'a, sun tafi.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu siriri ne dogo, kullum da alli a yatsunsa da jan biro a aljihun gaba. A gida Kawu nake kiransa, a makaranta Malam, shi kuma ko'ina Malam ƙarami yake ce mini, har bayan da furfura ta fara fito mini. Tambayoyinsa biyu ne, duk wanda ya yi aiki da shi ya haddace su. In ya ga malami a inuwa lokacin darasi sai ya ce, "Wa ke ajin?" In kuma ka ce masa ai ka koyar da abu kaza, sai ya ce, "Nuna mini a littafin yaro." Ba ya ɗaga murya. Zai tsaya ne kawai yana jira, har ka je ka ɗauko littafin.

Da ƙaramar takarda ya fara aiki. Da aka ce dole kowane malami ya mallaki babbar takardar koyarwa, wasu tsararsa suka yi ta ƙorafi, wasu kuma takardu suka bayyana a hannunsu ba wanda ya ga lokacin da suka yi karatun. Kawu ya koma aji da hutu da ƙarshen mako, yana zama benci ɗaya da yaran da shi ya koya wa baƙi. Ɗaya daga cikinsu ya ba ni labarin cewa Kawu yakan ɗaga hannu ya ce bai gane ba, ajin ya yi tsit don kunya. Shekara biyar ya yi kafin ya gama.

Bita kuwa, mu mun san yadda muke yi da ita. A je, a sa hannu, a ci abinci, a karɓo takardar halarta a cusa a fayil. Kawu in ya je bita sai ya dawo da littafi cike da rubutu, ranar Alhamis bayan an tashi ya tsare mu a aji shida ya ce sai ya koya mana abin da aka koya masa. Wata Alhamis ya zo da ƙwallayen dabino cikin leda, ya sa mu manya da gemu muna rarraba su kashi-kashi, wai haka za a nuna wa yara rabawa. Muka yi ta zolayarsa, abokina malamin aji huɗu ya ce da ma da dabinon aka zo da an fi ganewa. Ni a lokacin na ɗauka neman suna yake yi wajen ofis. Amma ƙwallayen suna cikin akwatin ajina har yau, kuma da su nake koyarwa.

Sau biyu na sani an ba shi hedimasta a wani ƙauye ya ƙi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta yi masa faɗa irin na yaya da ƙane, ta ce wane irin mutum ne ake miƙo masa girma yana noƙewa. Ya ce mata, "Yaya, hedimasta taro yake zuwa. Ni aji na iya." Na ji wannan da kunnena, amma da zargi ya shiga raina sai na fassara ta daban.

Yanzu sai in zo kan ruwa, don ba a fahimtar malamin wannan yanki sai an fahimci ruwan kanal, wato magudanar da ke kawo ruwan noman rani. Kusan dukanmu manoman rani ne, albashi kaɗai ba ya riƙe gida. Ruwa kuma ba kullum ake sako wa kowa ba, layi-layi ake bi, kowane layi da ranarsa. Layinmu Talata ne. Ana buɗe ƙofar ruwa da hantsi, na sama su sha, na ƙasa su biyo baya, kafin azahar ƙarfinsa ya ragu, in la'asar ta yi sai ɗan abin da ba zai jiƙa fangalin shuka biyu ba. Wanda ranarsa ta wuce shi sai wani makon, tumatir mai fure kuwa ba ya jiran mako.

Saboda haka muka yi wa kanmu tsari, tun kafin in fara aiki ake yin sa. Ranar ruwanka abokinka zai sa maka hannu a littafin zuwa aiki, kai ma ranar nasa ka sa masa. Ni da malamin aji huɗu mun iya sa hannun juna har ba ma bambance wanda ya yi. Hedimasta ya sani, yakan dai juya baya ya duba taga. Ba ma ganin abin a matsayin ƙarya, taimakon juna muke kiransa.

Kawu ne kaɗai ba ya ciki. Bai taɓa sa wa kowa hannu ba, bai kuma taɓa cewa a sa masa ba. Ƙarfe takwas zai zaro jan biro ya ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe, sannan ya tsaya ya ɗan dubi shafin, ya dubi mutanen da ke tsaye a fili, kamar mai ƙirga awaki. Daga nan ya wuce ajinsa. Ranar Talata kuma sai ya leƙa ajina, ya kwashi yarana ya haɗa da nasa, wasu a benci wasu a ƙasa, ya koyar da su har a tashi. Ranar Laraba in na buɗe littattafansu sai in ga jan bironsa a ciki, wani lokaci har da gyaran abin da ni na duba na wuce. Wannan yana ƙona mini rai. Ban taɓa ce masa na gode ba, don a ganina bincike yake yi mini.

Gonata kuwa da tasa a manne suke. Gadon kakanmu ne aka raba, kason Inna ni nake nomawa, nasa yana ƙasa da nawa, kunya ɗaya ce tsakani. Ruwa sai ya wuce ta bakin tawa kafin ya kai tasa. Albasata da tumatirina ba na jin kunyar nuna wa kowa su. Na Kawu kuwa kullum a kwance, ganye ya yi rawaya, kwando kaɗan. Shi sai an tashi daga makaranta yake zuwa, da rigar aikinsa a naɗe, yana bin ɗan guntun ruwan da fartanya. 'Ya'yansa mata ne kuma sun yi aure, ranar ruwa kuwa kowane hannu yana da inda ya nufa. Ina cikin masu cewa Kawu bai iya noma ba, har na taɓa faɗa masa cikin raha, ya yi murmushi ya ce wataƙila.

Ranar da abin ya faru Talata ce. Ina cikin laka har gwiwa, wayata ta yi ƙara, malamin aji huɗu ne yana magana ƙasa-ƙasa, wai sufeto ya zo daga ofishin ilimi. Kafin in wanke ƙafa in hau babur har ya gama ya tafi. Abin da aka ba ni labari shi ne, ya duba littafi ya ga sa hannuna, ya leƙa aji biyar ya ga wayam, ya shiga aji shida ya tarar da yara cunkushe. Ya tambayi Kawu ina malamin aji biyar. Kawu ya ce, "Yana gona, ranka ya daɗe. Yau ranar ruwansu ce."

Da zai iya cewa na je asibiti, ko na kai Inna unguwa. Ko ya yi shiru ma ya bar hedimasta ya san abin faɗa. A shekarar nan ina cikin waɗanda za a yi wa ƙarin girma, an ma fara raɗe-raɗin za a ba ni mataimakin hedimasta. Da sunaye suka fito babu nawa. Bayan shekara biyu aka sake fitarwa, nan ma babu, har wani da na riga fara aiki da shekara shida ya wuce ni. Sufeton kuma ya sake zuwa sau ɗaya a tsakani, ranar Talata, ya sake samun abin da ya samu.

Na zauna na yi lissafina. Wa ya san ranar ruwan layinmu? Kawu. Wa hedimasta ya ɗora wa cika sashen nan na fom ɗin shekara, inda ake faɗin yadda malami yake aiki? Kawu. Me ya sa sufeto bai taɓa zuwa ranar Litinin ko Laraba ba? Amsa ɗaya na samu, kuma na riƙe ta da hannu biyu. Na ce mutumin da ya ƙi girma ba ya son ɗan yayarsa ya zama shugabansa.

Na tare shi sau ɗaya a bayan aji. Na ce, "Malam, me ka rubuta a fom ɗina?"

Ya ce, "Abin da na gani."

Na ce, "Wa ya kira sufeto?"

Ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, wa ke ajinka yanzu?"

Daga ranar na daina cin abinci a gidansa, gidan da na yi wayo ina cin tuwon matarsa, wadda muke kira Iya. Gaisuwa ta koma ta fatar baki. Inna ta yi magana har ta gaji.

Akwai wata Litinin, ba da jimawa ba bayan fitowar sunayen farko, da ya tsayar da ni a bakin ƙofar makaranta ina tayar da babur. Ya ce, "Gobe in ka gama naka, ka buɗe mini nawa. Tumatirin ya fara fure." Na ce to. A hanya na yi ta juya maganar. Mutumin da ya tona ni gaban sufeto, yau shi ne yake aike na gona ranar aiki? Na yanke cewa tarko ne, so yake ya sami hujjar cewa na je, wataƙila ma ya tanadi shaida. Washegari na je, na shayar da tawa fangali bayan fangali, na tsaya na dubi toshiyar lakar da ke bakin tasa, na saɓa fartanyata na tafi. Aikin bai fi na awa guda ba. Bai tambaye ni ba, bai kuma sake roƙona ba har ya bar duniya.

Da wannan zuciyar na zauna makokinsa, kwana ɗaya, kwana biyu.

Ranar Litinin aka yi sadakar uku. Da hantsi sai ga wani dattijo ya sauka daga babur yana ɗingishi, kafin ya ƙaraso na gane shi. Sufeton ne, ya yi ritaya, ya tsufa. Na ce a raina, to, ga abokin sirri ya zo sallama. Ya yi addu'a mai tsawo, da ya tashi na bi shi kamar mai rakiya, sai da muka yi nisa da rumfa na ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya, kuma wanda ta shafa ya riga mu gidan gaskiya. Shi ne yake kiranka ranar Talata?"

Ya tsaya da makulli a hannu, ya ƙare mini kallo. Ya ce, "Kai ne na aji biyar."

Na ce ni ne.

Ya ce, "Malam, ni a Kura aka haife ni, ubana da ruwan kanal ya ciyar da mu. Ku malaman ƙauye kun ɗauka ranar ruwa wani asiri ne da ofis bai sani ba. Mai buɗe ƙofar ruwa maƙwabcina ne. Duk makarantar da zan je, sai na tambaye shi ranakun ruwan malamanta. Wa zai kira ni?"

Na ji kunya, amma ban saki ba. Na ce, "To fom ɗin fa?"

Ya ce wannan ba zai manta da shi ba, don a duk shekarunsa bai ga irinsa ba. Mutane sukan rubuta "yana ƙoƙari" su wuce. Kawu layi biyu ya rubuta. Na farko, malamin nan ya fi ni iya koyarwa. Na biyu, ba ya zuwa ranar Talata da rani.

"Kuma ya zo ofis da ƙafarsa," in ji shi, "ba sau ɗaya ba. Cewa yake mu zo mu ga darasinka ranar Laraba. Na ce masa, Malam, abu mai sauƙi ne, ga sabon fom, cire layi na biyu, yaron nan ya wuce. Ya ce in haka ne a cire na farkon ma, don wanda ya yi ƙarya a ɗaya ba a yarda da shi a ɗayan. Ya ɗauki hularsa ya fita. Na ji haushinsa ranar, wallahi."

Ya hau babur ya tafi, ya bar ni tsaye a rana. Zan so in ce nan take zuciyata ta wanke, amma ba haka aka yi ba. Na ce ai kowa yana yi wa mamaci ado. Mutumin da ya zo gaisuwa me zai faɗa in ba alheri ba? Kuma ko da gaskiya ne, layi na biyun ai shi ya rubuta, shi ya kashe ni. Na yanke shawarar in gwada maganar wajen Iya, in ji ko Kawu ya taɓa zuwa ofis saboda ni.

Bayan la'asar mata suka ragu, na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Tana zaune a tabarma cikin takaba, carbi a hannunta. Na yi mata ya haƙuri, ta amsa. Na fara kewaye-kewaye kan zuwan sufeto, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam ƙarami, ni ban san fom ba, ban san ofis ba. An dai ce mini bakinka bai motsa ba a maƙabarta."

Na sha jinin jikina. Ashe yadda nake karanta fuskokin mutane, haka wani yake karanta tawa.

Ta ce, "Riƙe abinka, ba zan roƙe ka ba. Amma tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar ruwanka yaushe ce?"

Na ce Talata.

"Tasa fa?"

Ita ma Talata ce. Kunya ɗaya ce tsakanin gonakinmu, na fi kowa sanin amsar. Shekara goma sha takwas ina sane da cewa Kawu yana aji ranar Talata, ina kuma sane da cewa gonarsa ba ta yin kyau, amma ban taɓa ajiye abubuwan biyu wuri ɗaya na dube su ba.

Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kafin in fara aiki a makarantar, Kawu yakan roƙi hedimastan wancan lokacin izini a fili, a haɗa ajinsa da na wani, ya rubuta a littafi cewa ya fita, ya yi awa biyu a gona ya dawo ya rama darasin da yamma. Da na zo na fara ɓacewa tun safe, sai ya ga in shi ma ya fita, aji biyu ne babu kowa. "Ya ce mini ɗan Yaya yana da ƙananan yara, bari ya kafu tukuna. Ka kafu, ka yi ɗaki, ka sayi babur, yana nan yana jiran ka gama kafuwa."

Ta ja carbi kaɗan, sannan ta ci gaba. "Shekarar da ya roƙe ka ka buɗe masa ruwa, ni na sa shi. Kwana uku ina yi masa magana kafin ya iya buɗe baki. Ya dawo da murna ya ce ka ce to. Ranar Talata da yamma ya je ya tarar ba a buɗe ba, ya dawo ya wanke ƙafarsa ya zauna yana duba littattafan yaranka. Furen nan duk ya zube. A shekarar ce autarmu za ta yi aure, da wannan tumatirin muka sa rai. Ka zo bikin, ka ga yadda aka kai ta."

Na gani. Har na ce wa matata Kawu ya cika maƙo.

Na ce, "Iya, na ɗauka tarko ne ya ɗana mini."

Ta dube ni karo na farko tun da na shigo. Ta ce, "Tarko. Da tumatirinsa?"

Hawaye suka zo mini, na ce na yafe masa, na yafe masa duniya da lahira, ni ne ma ya kamata in nema. Ta ce, "Shi ai ya yafe maka tun a ranar, a gabana ya faɗa. Ni ce ban yafe ba." Ta mai da kanta kan carbinta, na gane an sallame ni.

Daga nan maƙabarta na wuce, na tsaya a kan ƙasar da ba ta gama bushewa ba, na faɗi abin da na ƙi faɗa ranar Asabar, ba liman, ba jama'a. Sannan na ɗauki fartanya na nufi gona kafin magariba. Tumatirin Kawu na bana yana tsaye, ya fara fure, ƙasar ta tsattsage. Na kwaɓa laka na toshe bakin tawa, na fasa toshiyar tasa, na share hanyar ruwa. Na je na sami tsohon nan da ya ce noma bai karɓi Malam ba, na roƙe shi gobe in ya gama nasa ya juya wa Kawu ruwa daga fangali zuwa fangali. Ya ce, "Naka fa?" Na ce nawa ya jira a tashi daga makaranta. Ya yi mini wani irin kallo, na san shi ma lissafinsa yake yi, ko ina neman gonar ne a hannun Iya. Ban yi masa bayani ba.

Ranar Talata na isa makaranta kafin takwas. Malamin aji huɗu har ya ɗauki biro zai sa mini hannu, ya ɗago ya gan ni, ya ce ko ba a sako ruwa ba ne. Na ce an sako. Na sa hannuna da kaina. Takwas ta yi, ta wuce, ba wanda ya ja layi, hedimasta yana duban taga. Na leƙa aji shida, yara suna zaune tsit ba kowa a gabansu, a kan tebur ga littafin tsara darasin Kawu, ya riga ya rubuta na makon gaba ɗaya tun kafin ya kwanta. Na kwashe su na haɗa da nawa, wasu a benci wasu a ƙasa. Ban san wahalar riƙe aji biyu ba sai ranar, kafin sha biyu muryata ta dushe.

Ban sani ba ko sunana zai fito a ƙarin girma na gaba. Wanda zai rubuta cewa na iya koyarwa a yarda da shi ba ya nan. Albasata ta sha ɗan guntun ruwan la'asar, kuma na ga alama bana za a ce noma ya daina karɓa ta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi daga ruwan da ba a bin layi, ya sa yaran da ya koyar su zama shaidarsa. Ya ba Inna da Iya da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Da yammacin Talatar na koma gidan Iya, na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Iya, gonar ta sha ruwa." Ta ce, "Na ji." Ta ci gaba da jan carbinta. Talata uku ke nan ina zuwa ina faɗa mata, amsar ba ta canza ba, kuma gobe ma Talata ce.